Wa Ya Ce Bukkoki Araha Ce?

Wata ranar Talata muna zaune ƙarƙashin dogon yaro a bakin fakilte muna jiran lokacin darasi, sai wani ɗan ajinmu ya tambaye ni nawa nake biyan haya. Yaro ne mai kirki wallahi, ba ni da komi da shi. Na ce masa ɗakin jika 15 ne a wata, mu biyu muke rabawa. Ya riƙe baki ya ce: "Kai, ku kun huta! Ai kyauta kuke zaune." Ya ƙara da cewa su can Kwara Kano ko ɗakin mai gadi ba a ba da shi haka. Na yi dariya na ce masa haka ne. To dariyar nan ce ta tsaya mini a maƙogwaro kusan wata biyu, don na san ƙarya na taya shi yi. Tunda ban iya ba shi amsa a ranar ba, ga ta nan a takarda. Kuma ba shi kaɗai nake ba wa ba.

Ina zaune a Bukkoki, cikin Yamai, shekara uku ke nan. Ga ƴan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa da ba su san wurin ba: unguwa ce tsakiyar gari, maƙwabciyar kasuwar Katako. Gidanmu irin wanda ake ce wa selibateriyom ne, ɗakuna 11 a jere suna kallon tsakar gida guda, rufin kwano, makewayi ɗaya. Sunan yana nufin wurin gwauraye, amma gwauraye huɗu ne kawai a cikinmu. Sauran duk magidanta ne da matansu da ɗiyansu. Na ƙidaya mu wata rana da dare, da jarirai mun kai 34. Irin ɗakinmu kuwa antire-kushe ake ce masa, wato ka shiga ka kwanta. Ban taɓa ganin sunan da ya faɗi gaskiya kamarsa ba, domin in ka shiga babu abin da ya rage maka sai kwanciyar.

A shekarar farko an koya mana cewa Sosur ya nuna babu wata dangantaka ta dole tsakanin suna da abin da aka raɗa wa sunan. Na yarda, na rubuta a jarabawa, na ci maki. Amma da Sosur ya taɓa neman ɗakin haya a Yamai, da ya ƙara wani babi. Akwai Wadata, akwai Darussalam. Kwara Kano da Zabarmanci gari mai daɗi ke nan, Banizumbu kuma lafiya ta sauka. Mu namu sunan jam'in bukka ne: bukka, bukkoki. Da aka zo rubuta shi da Faransanci sai aka cinye "k" guda, ya koma Boukoki, har wasu ƴan Hausawa da aka haifa a nan ba su jin bukkar a ciki. Bukkokin sun tafi tuntuni, ginin ƙasa da na siminti sun maye gurbinsu, amma sunan bai daina aiki ba. Faɗe shi gaban mai taksi da ƙarfe 11 na dare ka ga fuskarsa. Faɗe shi gaban uban yarinyar da kake so.

Mu koma kan jika 15. Ka san dai mu da dala muke ƙidaya, tamma biyar-biyar, dala 200 ita ce jika. Bari in yi maka lissafin da ban yi a bakin fakilte ba.

Kafin ka sa ƙafa cikin ɗakin, sai ka ajiye kuɗin wata uku gaba ɗaya, ka ba dillali nasa na wata guda. Wannan ya wuce, ba na ma sa shi a ciki. Ruwa fa? Da akwai famfo a tsakar gidanmu, ni ban tarar da shi yana zuba ba. An yanke shi tun kafin in zo, saboda bashi ya taru, kowa yana cewa wane ne ya fi sha. Yanzu ga-ruwa ke kawo mana a kura. Bido mai cin lita 25 dala 10 ne in lokaci na da kyau. Watan Afrilu da Mayu kuwa sai yadda ya ce, kuma sai ka yi masa magana mai daɗi. Ni da abokin zamana bido uku muke sha a rana, wanka da alwala da wanki da ɗan dahuwa, muna tsantseni kamar masu zuba turare. Dala 30 a rana, jika 4 da rabi a wata. Yanzu ɗauki alƙalami: bido 40 ke cika mita kib guda, ke nan mita kib ɗinmu jika 2 yake. Na taɓa ganin takardar ruwan gidan su wani abokina mai famfo har cikin kicin. Da na raba kuɗin da yawan ruwan, abin da suke biya kan mita kib bai kai rabin namu ba, da shi ake ban-ruwan fulawa, da shi ake wanke mota. Ba laifin ga-ruwa ba ne, shi ma saye yake a famfon titi, ya tura kura cikin rairayi da ƙarfin ƙirjinsa. Amma a bar ce mini mai araha ne ke shan ruwan nan.

Ko da famfon bai mutu ba, akwai wani tarko da mutane da yawa ba su lura da shi ba, kuma shi ne ke cin mu a wajen kuran. Kuɗin ruwa da na wuta hawa-hawa ake lissafa su. Hawa na farko mai sauƙi ne, an yi shi don ƙaramin mai sha, wato talaka. In ka wuce shi sai farashi ya hau. Niyya mai kyau. To amma kontar ba shi da ido. Ɗakuna 11 a kan kontar guda, shi a wurinsa wani attajiri ne guda ke shan wuta, sai ya tsallake da mu hawan talakawa tun wata bai yi nisa ba. Rangwamen da aka yi domin mu, mai gidansa shi kaɗai da kontar nasa ke morarsa. Mu kuma ranar da takarda ta zo sai a zauna rabo: ƙwai nawa ke ɗakinka, fanka nawa, wa ke da telbijin, wa aka ji yana guga da dare. Na ga mata biyu da suka yi shekara shida suna aron gishiri da juna sun daina gaisawa a kan ƙarfen dafa ruwa. Kasonmu yakan kama jika 3, wani watan fiye. Takardar kanta ba kullum muke ganin ta ba. Ɗan Alhaji ke zuwa ya faɗi adadi, a raba.

Cefane ma haka. Wanda ke da hali yana sayen shinkafa buhu, mai jarka. Mu mai na dala 10, sukari na dala 5, omo ɗan ƙulli. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai tebur ya san ƙulli-ƙulli ya fi buhu tsada, sai dai ba ka jin zafin a lokaci guda.

Sai abin da ba a rubuta shi a takarda. Rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40, ɗakin ba ya shiguwa kafin ƙarfe 2 na dare. Kowa waje yake kwana, maza a ƙofar gida, mata da yara a tsakar gida, tabarma na taɓa tabarma. In damina ta sauka ka koma ciki, sai sauro ya karɓi aiki, don ruwan wanka da na wanke-wanke na gidaje duk a titi yake kwanciya, babu lambatun da zai ja shi. Bara masassara sau biyu ta kayar da ni, tsakanin Agusta da Oktoba. Kowace tafiya likita da ordonans sai da ta ci mini kusan jika 7, ban da darussan mako guda da suka wuce ni, aka kuma tambaye su a jarabawa. Wannan a wane layi na lissafin haya za a sa shi?

Makewayi kuwa, ku gafarce ni, dole in faɗa. Rami guda ga mutum 34. Da asuba layi ake yi da buta a hannu, mai zawo ya roƙi alfarma, yaro a tsugunar da shi bakin bango. Matan gidan da yawa sun horar da cikinsu sai duhu ya yi, saboda ƙofar buhu ce aka rataya, kuma samari na zaune suna shan shayi nesa kaɗan. Mu maza ba mu cika lura da wannan ba. Ni ma sai da wata yaya ta gidan ta ce mini wata rana, "Ƙanena, don Allah ku ɗan matsa da fadarku gaba," sannan na gane shekara guda muna tsare musu hanya ba mu sani ba. In ramin ya cika sai a yi karo-karo a kira masu yasa, su zo da dare da bokiti da fitila. Inda suke zubawa kar ka tambaya.

Ka tara duka: haya, ruwa, kuran, magani, ramin nan. Ɗakin jika 15 ya haura jika 25 ba a ci abinci ba. Mafi ƙanƙantar albashin da doka ta yanke a ƙasar nan jika 42 ne tun farkon 2024, kafin nan jika 30 da ƴan kai. Hayar kaɗai ta cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na albashin, in ma mutum na samun sa. Yawancin maƙwabtana ba su da albashi, abin da rana ta bayar shi ne. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Tamu arahar ko sutura ba ta yi.

Yanzu bari in shiga gonata, don abin da ya fi ci mini rai a nahawu yake. Ku saurari yadda muke ba da labarin wahalarmu. An ɗauke wuta. An yanke ruwa. An ƙara haya. An rushe rumfuna. Wannan "an" ɗin, da ƴan'uwansa "aka" da "ana" da "za a", a aji mun san shi: wakilin suna ne da ba ya nuna kowa, aiki ya auku amma babu mai aikin. Harshe na buƙatarsa, ba na faɗa da shi. Amma ku lura da inda yake taruwa. Bakin talaka cike yake da "an". In kuma ba "an" ba, sai mu ɗora wa abin da ba shi da rai: ruwa ya ci gida, bango ya faɗi, lambatu ya toshe, masai ya cika. A daminar da ta wuce bangon ɗakin ƙarshe na gidanmu ya zube da dare, Allah ya kiyaye yara uku na kwance ta ɗaya gefen. Da safe kowa na cewa ruwa ne, ruwa ne. Alhali tun bazara matar ɗakin ta nuna wa mai gida tsagar, hannu na shiga cikinta, ya ce za a duba. Ga "za a" nan kuma. Jimlar gaskiya tana da aikau, tana da karɓau: mai gida ya ƙi gyara bango, ya ci gaba da karɓar haya. Gwada faɗin ta haka a tsakar gida ka ga yadda za a yi tsit, wani ya ce maka "yaro, bar wannan magana." Ba nahawun suka kasa ba. Sun san wanda ya sa aikau a jimla, shi ke neman ɗaki a wata mai zuwa.

Abin mamaki, in magana ta juyo kanmu, nan take "an" ke ɓacewa, aikau ya fito da sunansa. Ba ka jin "an zubar da shara a Bukkoki". Abin da kake ji shi ne ƴan Bukkoki ƙazamai ne, ƴan Bukkoki ɓarayi ne, ƴan ƙwaya ne. Na ji wannan a taksi, na ji a amfi daga bakin masu karatun zamantakewa, waɗanda ya kamata su fi kowa sani.

Ba zan yi musun abin da idona ya gani ba. Ana zubar da shara a titi, ni ma na zubar. Akwai yaran da ƙwaya ta cinye, akwai lungun da ba na bi da salula a hannu bayan isha'i, an taɓa sace mini takalmi a ƙofar ɗaki. Amma mai cewa ƙazamai, ina so ya gaya mini ina zan kai sharar. Shi a gidansu wani yaro ke zuwa da kura ko amalanken jaki ya kwashe, a biya shi a wata, shi ke nan shara ta ɓace daga duniya. Ina take zuwa? Bai taɓa bin amalanken ba. Ni na bi. Ba sama take hawa ba, gangarowa take wajen kwari da bakin unguwanni irin namu. Inna mai ƙosai ta ƙofar gidanmu kafin ta ɗora kasko sai ta share wurin tas, ta yayyafa ruwan da ta saya da kuɗinta. Ban ga mai tsabta kamar matar da ke wanke yara huɗu da bido guda ba. Wanda bai taɓa auna ruwan wankansa da kofi ba, ya yi mana shiru da wa'azin tsabta.

Kuma wannan rabon ba jiya aka fara shi ba. Da Turawan mulkin mallaka suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka maido shi Yamai a 1926, sun zauna a kan tudu, Filato, inda iska ke kaɗawa, suka bar garin baƙar fata a ɗaya gefen, kwarin Gunti Yena na tsakani. Turawa sun tafi a 1960, tsarin bai bi su ba. Masu zama a kan tudun ne suka sauya launi. Kowane zamani da irin adon da yake yi wa birni. Mun ga lokacin Niamey Nyala, mun ga rushe kiyos da rumfunan bakin titi a 2016, mun ga gadar sama ta Diori Hamani da aka buɗe a 2018 nan kusa da Katako, mun ga manyan otal da aka gina don taron ƙungiyar Tarayyar Afirka na Yulin 2019. Gadar tana da kyau, ina bi ta wajenta kullum, ba na cikin masu cewa da ba a yi ta ba. Amma daga gindinta zuwa ƙofar gidanmu tafiyar ƴan mintoci ce da ƙasa, kuma a cikin mintocin nan kwalta ke ƙarewa, fitila ta ƙare, lambatu ya ƙare. Ƙasar da ta iya ɗaga titi sama ta iya haƙa rami a ƙasa. Zaɓi aka yi. (Kun gani, ni ma "aka" ta kama ni.) Ko a watan Agustan 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take sayar mana bayan juyin mulki, an ce duk gari ya sha duhu tare. Ba tare muka sha ba. Wasu sun tayar da gurup, wasu sun hau rufi sun shimfiɗa fanon rana. Mu mun fito da tabarmi.

Ga kuma maganar da nake so ɗan ajin nan nawa ya ji da kyau. Ya ce ko ɗakin mai gadi ba a bayarwa jika 15 a unguwarsu. To mai gadin nasu, iyalinsa ina suke kwana? Wurinmu. Ɗaki na huɗu a gidanmu mai gadi ne a wata bila, ya gaya mini jika 30 ake ba shi. Mai wankin gidanku, direba, magini, mai tura baro, yarinyar da ke goyon ƙanenka, yawancinsu daga irin lungunmu suke fitowa da asuba. Shiga Katako ka gani: masu narka gwangwani da tsohon alminiyom su zuba tukunya, masu ƙera ƙofa da taga, masu katako da kwano da ƙarfen gini. Rabin abin da ke tsaye a sababbin unguwanni ta hannunsu ya bi. In mahaifinka na iya samun mai gadi a jika 30, dalili shi ne akwai wani ɗaki a Bukkoki da mai gadin zai cusa mutum shida a ciki. Da ɗakin ya zama na mutunci, mai famfo da makewayi, da albashin nan bai isa ba, da dole a ƙara masa. Ke nan arahar gaskiya ce, akwai ta, sai dai ba mu ke cin ta ba. Gidanku take zuwa. Mu ke biyan cikon da jininmu da barcinmu.

Akwai wasu kuma da suka fi masu zagi gajiyar da ni, su ne masu yabo. Za su zo da kamara ko da takardar tambayoyi, ko kuma ɗan'uwanmu ne mai rubuta waƙa, su ce kai, unguwar talakawa akwai zumunci, akwai raha, ga haƙuri, mu can kowa ya kulle get ɗinsa. Zumuncin gaskiya ne. Da masassara ta kayar da ni, Inna ce ta aiko mini da koko kwana huɗu, da na kai mata kuɗi ta ce, "Ɗana, kai da uwarka kake ciniki?" Mai gadin nan ne ya ɗauke ni a moto zuwa likita, bayan ya kwana a tsaye. Ba zan manta ba har in mutu. Amma kar a maida shi kwalliyar talauci. Muna riƙe juna ne saboda in mun saki babu abin da zai tare mu a ƙasa. Kuma zumuncin nan yana da nasa haraji: babu sirri, kowa ya san abin da ka dafa da wanda ya zo wurinka, miji da mata ba su da inda za su yi faɗa ko su shirya sai a kunnen yara 15. Haƙuri kuwa, kalma ce mai daraja da aka mayar marfin tukunya. Ku lura da wa ke faɗa wa wa. Daga sama take gangarowa kullum. Ban taɓa jin ɗan haya ya ce wa mai gida ya yi haƙuri da kuɗin wata uku, mai gida ya ce to ba.

Ƴan Damagaram sun san wannan fiye da ni. Tun da fim ɗin Aisha Macky mai suna Zinder ya fito a 2021, mutanen da ba su taɓa taka Kara-Kara ba suna da ra'ayi a kanta, wasu tsoro, wasu tausayi. Ita ƴar garin ce, ta shiga ta saurara. Masu kallo da yawa kuwa ƙarfin damtsen samarin kawai suka riƙe, suka manta tambayar da ke ƙasa: wa ya ware mutanen nan tun farko, wa ya bar su a ware?

To saura mu, kamarad. Nan ne maganar ke da ɗaci, don da ni a ciki. Sau nawa aka tambaye ni unguwarmu na ce "wajen Stad" ko "nan bayan Katako kaɗan"? Wata yarinya ƴar sashen shari'a wata shida tana zaton a wani wuri nake. Mu masu karatun harshe mun san sunan wannan, sakaya zance. Muna sakaya adireshinmu kamar yadda ake sakaya sunan cuta. Mu da yawa da ba mu samu gado a site ba muna kwana a irin waɗannan ɗakuna, a Harobanda, a Gamkale, a Talaje, a Bukkoki, amma zama muke irin na fasinja a tasha: shekara uku, huɗu, in samu digiri in tafi. Har ma muna ƙara wa maƙwabta nauyi ba mu sani ba, don ɗalibai uku in sun haɗa kuɗi sun fi magidanci guda ƙarfi, mai gida kuma ya gane haka. Iyalin da suka bar ɗakin da nake ciki, ban taɓa tambayar inda suka koma ba sai da na zauna rubuta wannan.

Mun iya maci. Kowace 9 ga Fabrairu muna tuna ƴan'uwanmu da suka faɗi a gadar Kennedy a 1990, kuma ya kamata mu tuna. In burs ta yi jinkiri gari duka sai ya ji. Amma yaushe muka taɓa zama, ko sau ɗaya, a kan lambatun unguwar da muke kwana? Yaushe ɗan sashen shari'a ya zauna da ƴan gidansu ya karanta musu abin da doka ta ce tsakanin mai gida da ɗan haya? Yaushe ɗan lissafi ya karɓi takardar kuran ya nuna wa mata yadda hawan yake? Muna fassara Sosur, ba mu fassara fakitir ba. Tun 2025 kundin ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, mun yi ta murna a WhatsApp. Madalla. To ina takardar haya da Hausa? Ina rasit da Hausa ko da Zabarmanci, wanda Inna za ta ba jikanta ya karanta mata? A gidanmu ko da Faransancin babu. Kuɗi hannu da hannu ne, in gardama ta tashi maganar Alhaji ce takarda. Nan da shekara goma wasunmu ne za su zauna a ofis mai sanyi suna sa hannu. Ranar nan mu ne "an". Wani yaro zai ce an yanke, an rushe, an ƙi zuwa, kuma sunan ɗayanmu ne ke ɓoye a cikin harufan nan biyu.

Ni abin da na fara ƙarami ne, ba na kuma tallar sa kamar juyin juya hali. Na sayi kaye na dala 30, tun farkon wata ina rubuta duk abin da ɗakin ya ci: bido, kaso na kuran, maganin sauro, karo-karo. Ɗakuna huɗu sun yarda in riƙa rubuta nasu. Mun kuma roƙi ɗan Alhaji ya riƙa zuwa da takardar kuran kanta, mu gani da idonmu. Wata na farko ya ce ya manta. Wata na biyu ya zo da ita, sai ga shi adadin ya ragu da jika 4 daga abin da aka saba faɗi, babu wanda ya ce komi, shi ma bai ce ba. Duk mai zaune a irin gidan nan, a Yamai ko Maraɗi ko Tawa ko Damagaram, ya gwada wata guda ya kawo mana kayensa, mu jera su a fitowa ta gaba, da sunan unguwa a rubuce sarai, ba "wajen kaza" ba.

Shekaranjiya da la'asar Alhaji da kansa ya zo, abin da ba ya yi sai da dalili. Ya tsaya tsakar gida yana kallon bangon da aka toshe da buhunan ƙasa, muka gaisa, ya tambayi karatu, ya sa mini albarka. Sannan ya ce daga wata mai kamawa ɗaki ya koma jika 17 da rabi, saboda komi ya yi tsada, ga shi kuma an shafa wa ƙofar gida fenti.

Na ce, "Alhaji, wa ya ƙara?"

Ya dube ni kamar bai ji ba. Ya ce, "An ƙara dai, ɗana."

Na shiga ɗaki na ɗauko kayen.